Ni da maigidana duk muna da ciwon hanta, ga korona ta shigo mana gida

Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana duk an same mu da ciwon hanta nau'in B. Ni dai duk gwajin da aka yi min sai a ce hantata lafiya lau, ko magani ba a ɗora ni a kai ba. Shi kuwa an ce tasa ta yi tauri, shekara huɗu ke nan yana shan tenofobir, ga ciwon suga, shekarunsa 58. Bara cikinsa ya tara ruwa, aka ba shi maganin sa fitsari ya saɓe. A takardarsa ta asibiti na ga an rubuta Child-Pugh B, na ɗauka nau'in ciwon ne aka maimaita. Shekaranjiya ɗanmu ya dawo daga tafiya da tari da zazzaɓi, aka gwada aka ce korona ce. Maigida ya ce korona ai tsohon zance ce, rigakafinta ma bai taɓa yarda an yi masa ba, wai kada ya taɓa masa hanta. Ya kuma ce in ta kama shi zai ajiye maganin hantar sai ya warke, don kada magunguna su yi mata yawa. Ni hankalina ya ƙi kwanciya. Haɗarinmu ɗaya ne ni da shi? Me ya kamata in sa wa ido?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya tsare sauran mutan gidan.

Zan fara da takardar nan, domin harafin da kika gani a jikinta shi ne amsar tambayarki ta farko. B biyu ne suka haɗu a kan maigidanki, kuma babu abin da ya gama su sai kamar rubutu. Na farko sunan ƙwayar cutar da ta shiga hantar ne, wadda ku biyun duk kuke ɗauke da ita. Na biyu maki ne da likita ya ba hantar bayan ya duba yawan ɓarnar da aka riga aka yi mata. Abu biyar ake dubawa: sinadarin bilirubin mai sa ido ya yi rawaya, furotin ɗin albumin da hanta ke sarrafawa, saurin daskarewar jini, ko akwai ruwa a ciki, da ko ciwon ya fara taɓa hankali. Kowanne a ba shi maki daga 1 zuwa 3. In jimillar ta tsaya 5 ko 6, A ke nan, hantar ta yi tabo amma tana riƙe da aikinta. Daga 7 zuwa 9 B ne. Daga 10 zuwa 15 kuwa C ne, hantar ta gaza sosai. Sunan ma na likitocin da suka tsara ma'aunin ne tun shekarun 1960 da 1970.

To, haɗarinku ba ɗaya ba ne, ko kusa. Mutane kan ce "mai ciwon hanta" kamar abu guda ne, alhali wanda ƙwayar cuta ke zaune a hantarsa ba tare da ɓarna ba, da wanda hantarsa ta cika da tabo har ta tara masa ruwa a ciki, suna nesa da juna idan korona ta zo.

A farkon annobar likitocin hanta suka buɗe rajista guda biyu, ɗaya a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ɗaya a wata jami'a ta Arewacin Karolina a Amurka, inda likitoci daga ko'ina ke shigar da bayanan masu ciwon hanta da korona ta kama. A ƙarshen 2020 suka fitar da sakamakon mutum 745 daga ƙasashe 29. Cikin waɗanda hantarsu ba ta yi tauri ba, kashi 8 cikin 100 suka rasu, wanda bai yi nisa da na sauran majinyata ba. Cikin masu taurin hanta, kashi 32. Da aka rarraba su bisa wannan ma'aunin da kika gani, sai abin ya fito kamar matakala: 'yan A kashi 19, 'yan B kashi 35, 'yan C kashi 51.

Kada waɗannan lambobin su tsinka miki zuciya. An tattara su ne tsakanin Maris da Yulin 2020, lokacin babu rigakafi, maganin ƙwayar cutar bai wadata ba, jikin kowa bai taɓa haɗuwa da ita ba, kuma galibin waɗanda aka shigar waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti ne. Yau abin ya yi sauƙi ƙwarai, musamman tun bayan ɓullar nau'in Omikron a ƙarshen 2021. Abin da bai canza ba shi ne matakalar. Duk inda hanta ta fi lalacewa, nan korona ta fi tsanani, kuma maigidanki, da bai taɓa karɓar rigakafi ba, ya fi yawancin mutanen yau kama da mutanen waccan rajistar.

Ke kuwa, wani babban bincike a Hong Kong, inda nau'in B ya yawaita, ya nuna cewa ɗauke da ƙwayar kaɗai bai ƙara wa masu korona haɗarin mutuwa ba. Sai dai in ja miki kunne a kan kalmar "lafiya lau". Gwajin jinin da aka fi yi yana nuna ko hanta tana cikin kumburi ne a ranar, ba ya auna tabon da ya taru a shekaru. Ki tambayi likitanki ko an taɓa auna miki taurin hantar, da na'urar FibroScan ko da lissafin da ake yi daga gwajin jini. In an auna an ce babu, to ki ɗauki kanki kamar kowace mace mai shekarunki.

Za ki ce me ya haɗa hanta da cutar huhu. Duk jinin da ya fito daga hanji sai ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya, kuma a nan ake tace ƙwayoyin cutar da suka biyo shi. Hanta ce kuma ke ƙera da yawa daga furotin ɗin da garkuwar jiki ke yaƙi da su. Idan ta yi tauri jini ba ya wucewa da sauƙi, sai ya nemi ɓarauniyar hanya ya kauce wa matatar, saifa ta kumbura ta riƙe fararen ƙwayoyin jini da na daskarar da jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga ruwan ciki da ke tokare huhu daga ƙasa, wani lokaci har ya haura cikin ƙirji. Ga ramar tsoka, wadda ruwan cikin ke ɓoyewa a ma'auni amma ake gani a kafaɗa da damtse, kuma da tsoka ake numfashi, da ita ake tari. Shi ya sa a waccan rajistar, kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka rasu gazawar numfashi ce ta tafi da su, duk da cewa hanta ce ta buɗe ƙofar.

Wani abu game da ruwan da ya saɓe. Na san ya kwantar muku da hankali, kuma abin godiya ne. Amma a wurin likitan hanta, duk wanda ya taɓa tara ruwa, ko ya yi aman jini, ko idonsa ya yi rawaya, ko hankalinsa ya taɓa rikicewa saboda hanta, ya riga ya tsallaka wani layi. Maganin fitsari yana kwashe ruwan ne, tabon yana nan.

Sai sauran abubuwan da ke hawa kan wannan. Shekaru su ne kan gaba ga kowa, mai hanta da marar hanta, kuma kowace shekara goma ƙari ce. Ciwon suga, musamman wanda ba ya saituwa. Ƙiba, ciwon zuciya, ciwon huhu, shan taba, da raunin ƙoda, wanda a wurin mai taurin hanta yake da nauyi na musamman domin ƙodarsa a bakin gaɓa take tafiya. Masu kitse a hanta ma an yi ta maganarsu, amma mafi yawan haɗarinsu daga ƙibar da sugan da hawan jinin da ke tafiya tare da kitsen yake. Sankarar hanta tana ƙara haɗari. Haka ciwon hantar da barasa ta jawo, wanda ya fito daban a rajistar da na ambata da kuma wani bincike na asibitocin Amurka, ko da an cire tasirin shekaru da matakin taurin. Ban faɗi wannan don ina zargin maigida ba. Masu karanta wannan shafin da yawa ne, kuma wanda abin ya shafa ya gaya wa likitansa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani abin da ya ba likitoci mamaki shi ne waɗanda aka yi wa dashen hanta: an zaci za su fi kowa shan wuya saboda magungunan danne garkuwa, sai aka ga shekarunsu da lafiyar ƙodarsu sun fi dashen kansa tasiri. Sabuwar hanta mai aiki ta fi tsohuwa mai tabo, ko da garkuwa a danne.

Ki ƙirga na maigidanki: mataki na B, ruwan ciki a baya, suga, shekara 58, babu rigakafi. Mutumin da ya kamata a tsare ke nan.

Yanzu maganar ajiye tenofobir. A nan ba zan sassauta ba: kada ya ajiye, ko na kwana ɗaya, ko yana zazzaɓi. Maganin ba ya kashe ƙwayar nau'in B, danne ta yake yi. Ranar da aka ɗaga, ƙwayar takan yunƙuro ta hayayyafa, garkuwar jiki ta far wa hantar gaba ɗaya, kuma hantar da ba ta da ajiyar ƙarfi tana iya gazawa cikin makonni. Gargaɗin yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin maganin. Ƙari a kan haka, idan korona ta yi tsanani har aka kwantar da mutum, magungunan da ake ba shi, irin su deksametason da tosilizumab, suna danne garkuwa, wanda shi ma ke ba ƙwayar B damar tashi. Wato lokacin da yake tunanin ajiye maganin shi ne lokacin da ya fi buƙatarsa. Ke ma ki riƙe wannan don kanki. In ta kama aka kwantar da ke, ki faɗa da bakinki cewa kina da nau'in B kafin a fara miki irin waɗannan, domin wani lokaci akan ɗora mutum kan maganin kariya na ɗan lokaci. In kuma ƙodar maigida ta nuna rauni, likita ne zai gyara yadda ake shan maganin ko ya sauya masa wani.

Amma ki lura, tunaninsa na kada a yi wa hanta lodin magunguna tunani ne mai kyau. Inda ya nufa da shi ne kuskure. Magungunan da suka cancanci wannan tsoron su ne waɗanda hannu ke kai wa da kansa in an ji zazzaɓi. Ibufurofen da diklofenak da asfirin da danginsu haramun ne gare shi in ba likitan hanta ya ce ba, suna iya tsayar da ƙoda, suna iya jawo zubar jini daga jijiyoyin da suka kumbura a hanyar abinci. Farasitamol, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne ya fi aminci, da sharaɗin kada ya wuce giram 2 a awa 24, wato ƙwaya huɗu na miligiram 500, a rarrabe. Ki ɗauki kowane kwalin maganin mura da ke gidan ki juya bayansa ki karanta. Da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan ya ninka ba da saninsa ba. Maganin tari mai kodin da duk wani mai sa barci na iya jefa shi cikin rikicewar hankali. Haɗe-haɗen ganye da na kwalba da ake cewa suna ƙara garkuwa, a bar su. Deksametason ma kada a saya a sha a gida: babban gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna amfaninsa ga waɗanda ke buƙatar oksijin ne, bai taimaki masu ciwo mai sauƙi ba, ga shi yana harba suga sama.

Akwai kuma maganin ƙwayar koronar kanta, sai dai yana da ƙa'idar lokaci. Paxlovid ana fara shi ne cikin kwana 5 da fara jin alamu. Masu mataki na A da B suna iya shansa, ba a ba 'yan C, kuma yana karo da magunguna da dama, ciki har da wasu na rage kitsen jini da takrolimus ɗin masu dashe. Remdesibir kuma ta jijiya ake ba da shi kwana 3 a jere, cikin kwana 7 na farko. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, maigida ba ya cikin masu cewa bari a ga yadda za ta kaya. Ranar da ya ji maƙogwaro na masa kaikayi, ko kasala, ko ɗan zazzaɓi, ranar za a gwada shi, ranar za a kira likita. Ki tattara duk abin da yake sha a jaka ɗaya tun yanzu.

Na zo kan abin da za ki sa wa ido, kuma nan ne nake so ki fi natsuwa. Kowa tari da sarƙewar numfashi yake jira. A waccan rajistar, kashi 46 na masu taurin hanta, hantar ce ta rikice musu, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ba su da wata alamar numfashi lokacin da aka gano koronar. Ta ƙofar hanta ta shigo musu. Alamar farko sau da yawa ƙarama ce, wadda sai matar mutum za ta gane: yana gyangyaɗi da rana ido biyu da dare, ya tambayi abu ya sake tambaya, ya yi fushi a kan abin da bai saba ba, ya tsaya yana kallon wayarsa ya rasa yadda ake buɗe ta. In kin ga haka, ki ce ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota, yatsu a buɗe, ya riƙe na daƙiƙa talatin. Idan tafin yana faɗuwa yana tashi kamar fiffiken tsuntsu, gubar da hanta ta kasa tacewa ta kai ƙwaƙwalwa. Asibiti za ku, ba jiran safiya. In an taɓa rubuta masa laktulos, maganin nan mai sa bayan gida ya yi laushi, ki tabbata yana fita bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a yini, don ta nan gubar ke fita.

Ki riƙa auna nauyinsa kowace safiya, ki duba ko wando ya fara matse shi ko safa tana barin shata a ƙafa. Ki kalli farin idonsa a hasken rana, don hasken fitila na ɓoye rawaya. Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, aman jini ko kaɗan, ƙarancin fitsari, ciwon ciki tare da zazzaɓi, kowanne shi kaɗai ya isa dalilin tafiya asibiti nan take. In amai ko gudawa suka kama shi, ko ya kasa cin abinci, ki kira likita a ranar game da maganin fitsarin da na sugan, domin jikin da ke bushewa ba ya ɗaukar adadin da aka saba. Sugan ma a ƙara yawan aunawa, hanta mai tauri takan bar shi ya faɗi kamar yadda ciwo kan sa ya hau.

In za ki samu ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, ki auna shi yau yana lafiya ki rubuta, saboda wasu masu taurin hanta dama nasu a ƙasa yake. In ya sauka zuwa 92 ko ƙasa, ko ya yi ƙasa da nasa na kullum da maki uku ko huɗu, ku tafi. Ki kuma san cewa na'urar takan nuna lamba sama da gaskiya a kan fata mai duhu, an tabbatar da haka a wani bincike a Amurka a 2020. In yana haki tsakanin kalma da kalma, ki yarda da idonki ki bar na'urar.

Shi kuwa yaron, ya zauna ɗakinsa, taga a buɗe, ya sa takunkumi in zai fito. Ke za ki riƙa kai masa abin da yake buƙata, da takunkumi, ki wanke hannu. Kwanaki biyar na farko ne ya fi yaɗawa, amma tsakaninsa da mahaifinsa a ci gaba da kiyayewa har kwana goma. Na san da nauyi a ce wa uba kada ya shiga duba ɗansa. Su yi magana ta waya ko daga bakin ƙofa. Tunda ma maganarsa ta zo, an taɓa gwada shi da 'yan'uwansa nau'in B? Uwa da uba duk suna da ita, ya kamata kowane ɗa a gwada shi, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafinta.

Game da cewa korona tsohon zance ce, yana da rabin gaskiya. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa, amma shugabanta, Tedros Ghebreyesus, ya faɗa a ranar cewa hakan ba ya nufin cutar ta daina zama barazana. Ga ta nan ma a ɗakin ɗansa. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Rigakafin ba zai yi masa aiki a kan wannan makon ba, sai ya ɗauki kamar mako biyu kafin ya kama jiki. Amma da zarar gidan ya lafa, ko ta kama shi ko ba ta kama shi ba, ya kamata ya karɓa. Ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da na Amurka tun 2021 suka ce masu taurin hanta a sa su sahun gaba. Ba zan ɓoye masa ba, an samu rahotannin wasu 'yan tsiraru da hantarsu ta kumbura bayan allurar, abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai kuma yawancinsu sun warke da magani. Ya ɗora wannan a sikeli ɗaya da lambobin da na kawo a sama. Ya haɗa da rigakafin mura mai tsanani da na namoniya. In ƙwayoyin daskarar da jininsa sun yi ƙasa, a gaya wa mai allurar ya danne wurin na 'yan mintuna.

Ban ga amfanin ki tsaya musu da shi ba. Namijin da ya shekara huɗu yana haɗiyar magani kullum, mutum ne mai jin maganar likitansa, kuma a cikin tsoro yake ko da bai furta ba. Gobe da safe ki kira asibitin da ke duba shi, ki ce akwai mai korona a gida kuma mijinki Child-Pugh B ne, ki ba shi wayar ya ji da kunnensa. Ki tambaye su wane maganin korona ne ya dace da ƙodarsa da magungunansa, ina ake samunsa, da lambar da za ki kira in abu ya taso da dare. In hoton hantarsa na wata shida-shida ya kusa, ki tambaya ko za a ɗaga ranar zuwa bayan kwana goman, amma a tsayar da sabuwar rana kafin ki ajiye wayar.